Babi na Shida: Kwanon Baiko a Ƙarshen Layin Dogo

A 1929 ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Kaura Namoda ya tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu Turawa ke so a kwaso musu zuwa bakin teku a Ikko, shi ya sa suka shimfiɗa shi. Amma jirgin da ya zo ɗaukar kaya ya sauke mutane: akawu, direba, makaniki, mai awon gyaɗa, mai shagon kayan gini. Akwai Yarbawa da Ibo, akwai mutanen kudancin Zariya da na Filato, kuma da yawansu Kirista ne. Suka kama wuri a Sabon Gari, suka fara taruwa ranar Lahadi a ɗakin wani daga cikinsu, kafin su tara abin da za su ɗora kwano a kan ginin majami'a.

Su kuwa 'yan mishan, ta ƙofar jinya suka shigo. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana su wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci, sai a shekarun 1930 aka ba mishan ɗin SIM damar kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Daga nan suka buɗe ƙananan tashoshi, har da Moriki a ƙasar Zurmi. A 1953 aka danƙa yankin Sakkwato na Katolika a hannun limaman Dominikan daga Amurka, Gusau ta zama cibiyarsu, 'yan'uwansu mata kuma suka kama aikin jinya da koyarwa. Abin da talakan wannan ƙasa ya fara sani game da Kiristanci ke nan: mutanen da ke wanke gyambo su ba da magani.

Har yau Kirista 'yan kaɗan ne a Kaura Namoda, a Shinkafi da Zurmi kuwa sun fi haka ƙaranci. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, ko ma'aikata, ko jami'an tsaro, ko malamai da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kaura a 1983. Ba su da attajiran da za su ɗauki nauyin coci su kaɗai. Duk abin da za a yi, daga albashin fasto har zuwa likkafanin wanda ya rasu ba dangi kusa, daga kwanon baiko yake fitowa. Saboda haka koyarwar addininsu a kan dukiya abin yau da kullum ce a wurinsu, lissafi ne da ake yi kowane mako.

Wanda bai taɓa ganin lokacin baiko a cocin Hausa ba, zai yi mamakin yadda ake yinsa da murna. Ana gama wa'azi sai matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sanye da zane iri ɗaya, su ɗauki tulunan kiɗa da caki. Jama'a su fito layi-layi suna rangaji, kowa da kuɗinsa a dunƙule cikin hannu don kada na kusa ya ga nawa ne, ya saka ya wuce. Akwai baikon sujada na kowace Lahadi, akwai zakka wato ɗaya bisa goma na abin da mutum ya samu, akwai baikon godiya na wanda aka yi masa haihuwa ko ya tashi daga ciwo, akwai na gini, akwai na gwauraye da marayu. Idan kaka ta yi sai a sa ranar godiya ta girbi. A ranar ana shigowa da damin gero a ka, da kwaryar wake, da kaji a ɗaure, wani har da akuya tana turjewa a bakin ƙofa. Bayan addu'a a yi gwanjonsu, mutane suna ƙara farashi da gangan fiye da na kasuwa, domin kowa ya san inda kuɗin za su.

Tushen wannan duka yana cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932. Akwai wani misali da Yesu ya bayar a sura ta 12 ta Bisharar Luka wanda manomin Zamfara ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. Gonar wani mai arziki ce ta yi albarka har rumbunansa suka kasa ɗauka. Ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa, ya yanke cewa zai rushe su ya gina manya, ya tara hatsin shekaru ya huta. A daren nan aka karɓi ransa. Mutumin bai yi sata ba, bai ci gonar kowa ba, bai tauye mudu ba. Laifinsa shi ne a duk shawarar da ya yi babu mutum ko ɗaya a ciki sai shi. Babu ɗan ƙodagon da ya yi masa noma, babu maƙwabcin da gonarsa ta ƙi, babu Allah da ya saukar da ruwan.

Wajen shekarar 369 aka yi fari da yunwa a Kaisariya, garin da ake kira Kayseri a Turkiyya ta yau. Attajirai suka kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Wani malamin ikilisiya mai suna Basil ya ɗauki wannan misali ya yi wa'azi a kansu ido da ido, yana nuna musu cewa hatsin da ya yi musu yawa haƙƙin mai jin yunwa ne suke riƙe da shi. Bai tsaya a baki ba. Ya sayar da gadonsa ya sayi abinci, ya kafa tukwane, ya shiga cikin masu rabawa da hannunsa, kuma ba a tambayi mai karɓa addininsa ba. Daga baya ya gina wata unguwa guda a bayan gari, mai masauki da wurin jinya, har da na kutare.

Koyarwar ba ta ɗauki dukiya a matsayin ƙazanta ba. Ibrahim da Ayuba masu garke ne, kuma wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti son kuɗi ta zarga, sannan ta umarci masu hali su zama masu sakin hannu. Abin da ake nanatawa shi ne mai dukiya wakili ne, kuma akwai masu rabo a cikin abin da ke hannunsa. Dokar Musa ta hana manomi girbe gonarsa har gefe, ta hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, domin wannan na matalauci da baƙo ne. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. Kowace shekara ta uku kuma ana ajiye zakkar amfanin gona a cikin gari saboda baƙo da maraya da gwauruwa. Wasiƙar Yakubu ta yi kakkausar magana a kan mai gonar da ya danne ladan masu girbi.

Maƙwabci Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Shi ma yana fitar da dami ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, yana fidda kai a ƙarshen azumi, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 jihar ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi. Bambancin shi ne zakkar Musulunci farilla ce mai nisabi da masu karɓa sanannu, ta Kirista kuwa malamansu ba su taɓa haɗuwa a kanta ba. Wasu na cewa ɗaya bisa goma wajibi ne har gobe. Wasu na cewa Sabon Alkawari bai yanka adadi ba, Bulus ya bar wa kowa abin da ya ƙudurta a ransa ba tare da tilas ba. Labarin Hananiya da Safiratu, waɗanda suka sayar da gona suka kawo wani ɓangaren kuɗin a matsayin duka, ma yana goyon bayan wannan: Bitrus ya shaida wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ƙaryar da ya yi a kan adadin ita ce ta hallaka shi.

Duk wannan an saba jinsa a lokacin da ake noma lafiya. Yau ƙasar ta sauya. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna cin karensu ba babbaka a dazuzzukan da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi har iyakar Nijar, kuma sunan ɗaya daga jagororinsu, Bello Turji, ya zama abin da yara ma suka sani. Ana ɗora wa ƙauye haraji kafin ya yi shuka, a sake ɗora masa kafin ya yi girbi. Ana kora shanun huɗa, ana cinna wa rumbu wuta da hatsinsa a ciki. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar, don a toshe wa ɓarayin hanyar abinci da mai. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ke tara fatake daga Nijar da kudancin Najeriya, ta yi tsit, kuma ɗan tireda da mai ɗaukar kaya suka ji a jikinsu. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa.

Mafi yawan waɗanda aka kashe, aka sace, aka raba da gonakinsu Musulmi ne, domin su ne mutanen ƙasar. Wajibi ne a faɗi haka. Amma Kiristan da ke bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi da kayan shagonsa, daji ɗaya yake ratsawa da kowa. Idan aka tare mota ba a ware shi.

A nan ne kwanon baiko ya sami aikin da ba a san shi da shi ba a da. An ɗauke mutum, an kira iyalinsa da wayarsa, an yanka miliyoyi, wani lokaci har da babur da katin waya. Matar ta sayar da abin da ke shago, 'yan'uwa a gida sun turo abin da suka iya, bai kai ba. Sai a zo wurin dattawan ikilisiya. Ranar Lahadi a yi sanarwa a taƙaice, ba a ambaton adadi da ƙarfi domin ba a san kunnen da ke saurare ba, a sake zagayawa da kwano. Malamin makarantar da bai ga albashi ba shi ma ya saka, mai sayar da ƙosai ta kwance bakin zaninta. Haka ake yi a masallatan unguwa, haka ake yi a ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kuma sau da yawa takardar neman taimako ɗaya ce ke zagaya shagunan Musulmi da na Kirista.

Fansar kamammu tsohon aiki ne a tarihin ikilisiya. Wajen shekarar 253 mahara suka kwashi Kirista a Numidiya, cikin Aljeriya ta yau. Bishop Sifiriyan na Kartaj ya tara kuɗin Rum dubu ɗari daga jama'arsa ya aika, haɗe da sunayen waɗanda suka bayar domin a yi musu addu'a. Bayan yaƙin Adiriyanopul na 378, Ambros na Milan ya farfasa kwanonin zinariya na majami'a ya fanshi bayin yaƙi. Aka zarge shi da wulaƙanta kayan ibada, ya kare kansa da cewa rayukan mutane sun fi ƙarfe daraja a wurin Allah. Wanda ya fi ban mamaki shi ne Akakiyus, bishop na Amida, wato Diyarbakir ta yau. Wajen 422 ya ga fursunonin Farisa kimanin dubu bakwai suna mutuwa da yunwa a hannun sojojin Rum. Abokan gāba ne, kuma ba addininsu ɗaya ba. Ya sayar da kayan zinariya da azurfa na majami'a, ya fanshe su, ya ciyar da su, ya ba su guzuri suka koma gida.

Sai dai wannan tarihi bai warware wa dattijon coci a Kaura matsalarsa ba. Kuɗin da aka kai daji yau, da su za a sayi harsashin da za a tare motar gobe. A watan Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Shugabannin Katolika sun sha cewa ba sa biyan fansar limamansu, amma Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda Zamfara ke ƙarƙashin yankinsa na Sakkwato, ya fito fili ya ce an kashe sama da naira miliyan 30 wajen ceto ma'aikatan cocinsa. Ya kyauta da ya faɗi gaskiya. Wanda ke zaune a Abuja yana iya kafa doka, amma wanda ya ji muryar ɗan'uwansa a waya ana dukansa ba zai iya cewa a jira gwamnati ba. Laifin yana wuyan hukumar da ta bar talaka yana tara wa ɗan bindiga kuɗi da hannunsa.

A irin wannan ƙasa ne ake gane nauyin wani salon wa'azi da ya cika talabijin da wayoyin mutane. Tun zamanin Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, koyarwar wadata ta yi ƙarfi a Najeriya: ka shuka iri a hannun bawan Allah, ka girbi ninki ɗari, idan talauci ya kama ka, bangaskiyarka ce ta yi rauni ko ka ci zakka. A 2017 mai gabatar da shirin rediyo Daddy Freeze ya tayar da ƙura a kan zakka, manyan fastoci suka yi ta mayar masa da martani. Masu wannan koyarwa suna da ayoyinsu, musamman sura ta 3 ta Malakai. Amma ita kanta surar maganar abinci a ɗakin ajiya take yi. A faɗa wa matar da aka ƙona rumbun mijinta a ƙauyen Zurmi cewa rashin bayarwarta ne ya jawo mata, wannan zalunci ne. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Bisharar Markus saboda 'yan anininta biyu, ba a ce ta koma gida ta tarar da arziki ba. Kuma dab da labarinta, a sura ɗaya, Yesu ya la'anci malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Mai wa'azin da ya karanta rabi ya bar rabi ya san abin da yake yi.

Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, mutanen da masu bayarwar ba su taɓa gani ba, ba kuma yarensu ɗaya ba. Ya shaidi mutanen Makidoniya da cewa cikin tsananin talauci suka bayar, har suna roƙo a karɓa. Manufar da ya bayyana ita ce daidaito: mai rara yau ya cike wa marar shi, gobe a juya. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Najeriya, tambayar tana kan manyan majami'un Legas da Abuja da Fatakwal masu kujeru dubbai: nawa ne daga baikonsu ke isa Shinkafi?

Tambaya ta biyu tana kan ƙananan cocin da kansu, kuma ta fi wuya. 'Yan gudun hijirar da ke kwana a makarantu da kangwaye da tashar mota a Kaura Namoda kusan dukkansu Musulmi ne. Jama'ar da ke ganin kanta 'yar tsiraru, wadda samun filin gina majami'a ma ke yi mata wuya, tana iya cewa abin da muka tara namu ne, su ma suna da nasu. Ana fahimtar wannan tunani, amma koyarwar ba ta bar masa wuri ba. A misalin Yesu, Basamariyen da ya tsaya a kan wanda 'yan fashi suka sassara a hanyar Yariko ba ɗan addininsa ya taimaka ba, kuma da gangan Yesu ya zaɓe shi. A sura ta 25 ta Matiyu, abin da za a tambaya ranar shari'a shi ne mai yunwa da baƙo da marar tufa da ɗaurarre. A 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci yana yaƙarsa, ya yi ƙorafin cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Sharaɗin kawai shi ne kyautar ta zama kyauta. Buhun masarar da aka ɗaura wa wa'azi a wuya zai jawo zargi a Zamfara, kuma ya saɓa wa umarnin Yesu na a yi sadaka a ɓoye. Hanya mafi aminci ita ce a bi ta hannun mai unguwa da limamin wurin, su da suka san wanda ya kwana bai ci ba.

Saura riƙon amana. Rikicin farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne: wani ɓangare ya yi kukan ana tsallake gwaurayensa, sai aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci aka danƙa musu aikin. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa ikilisiyoyi suka naɗa wakilai su raka kuɗin. A cocin ECWA da makamantansu wannan ya zama tsari: mutum biyu ko uku ke ƙirga baiko, ma'aji da sakataren kuɗi su rubuta, a karanta rahoto a gaban jama'a. Inda aka bar wannan, ko fasto na kirki ne, zargi ba ya daɗewa bai shigo ba.

Akwai dabarar da ta dace da ƙaramin ƙarfi irin na waɗannan ƙananan coci, kuma ba nesa za a je koyonta ba. A ƙauyukan Maraɗi da sauran sassan Nijar an daɗe ana kafa bankunan hatsi: a sayi gero da kaka lokacin da yake araha, a adana, a fitar da shi a watan Yuli da Agusta, sa'ad da na bara ya ƙare na bana bai nuna ba, a sayar da rangwame ko a ba da rance a biya bayan girbi. Hatsin da ake kawowa ranar godiya ta girbi yana zuwa ne daidai lokacin da ya fi arha. Maimakon a yi gwanjonsa duka a zuba kuɗin a gini, ana iya ware buhuna, a sa musu magani, a ajiye su a cikin gari inda wuta da ɓarawo ba za su kai gare su da sauƙi ba. Littafin shiga da fita ya zauna a hannun matan Zumunta, domin su ne ke shiga gidaje, su ne kuma suka san tukunyar da ba a ɗora ba.